Kwamfutar tebur ta hannu don kallon bidiyo a falo: babbar i7 ko ƙaramar i5?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Ina so in sayi kwamfutar tebur ta hannu, in jona ta da talabijin ɗin falo mai inci 43. Ba gem zan buga ba, ba kuma tace bidiyo zan yi ba. Kallo ne kawai: tafsirin da nake saukewa, darussan yara a YouTube, sai bidiyon biki da na suna da 'yan'uwa ke turowa. Laftof ɗin da ke hannuna ta tsufa, da na sa bidiyo mai 1080p sai murya ta yi gaba ta bar hoto a tsaye, fanka kuma ta yi ta ƙara. Jiya na leƙa shagunan PZ a nan Zariya. Wani mai shago ya nuna mini babbar CPU, wato akwatin kwamfutar, ya ce Core i7 ce, RAM 8. Wani kuma ya fito mini da wata 'yar ƙarama da za ka iya riƙewa da hannu ɗaya, Core i5, amma kuɗinta ya ɗan ɗara na babbar. Abin da na tanada bai wuce dubu 130 ba. Zuciyata ta fi karkata ga i7 ɗin. Me kuka gani?

Sadiq_Kwangila:
Wa alaikumus salam. i7 mana Malam, ai ba haɗi. Ga shi ma ta fi araha. Ɗauki babbar kawai.

Injiniya_Samaru:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Sadiq, dakata tukuna. i7 ɗin wace shekara? Tun 2008 Intel ke fitar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai wannan suna, kuma sitikar gaban akwatin ba za ta gaya maka shekarunta ba. Lambar da ke bin sunan ita ce magana. In ka ga i7-2600, janareshan na 2 ke nan, ta 2011. i7-3770 na 3 ne, ta 2012. In kuma i5-7500 ce, na 7 ke nan, ta 2017. A irin waɗannan, lambar farko kake kallo.

Ga dalilin da ya sa wannan ya shafe ka. A cikin furosesa akwai wani sashe da aikinsa kawai warware bidiyo. Kowane bidiyo a matse yake zuwa, kuma hanyoyin matsewar iri-iri ne. Tsohuwar hanyar ita ce H.264, wannan kusan kowace Core daga janareshan na 2 ta iya ta. Sabuwar ita ce H.265, wadda ake rubutawa HEVC, kuma sai daga na 6 ne sashen ya iya ta sosai. Na 7 ya ƙara da HEVC mai bit 10, da kuma VP9, wadda YouTube ke yawan amfani da ita. In sashen bai san irin matsin fayil ɗin ba, sai ya bar wa furosesa aikin ta yi da ƙarfin tuwo. Abin da ke damun laftof ɗinka ke nan: zafi, ihun fanka, hoto na cijewa. Saboda haka ka koma ka karanto mana cikakkun lambobin duka biyun kafin ka ba kowa sisi.

Maman_Hanifa:
Ni kam Malam, in dai kallo ne kaɗai, me zai kai ka sayen kwamfuta? Akwai 'yar akwatin nan ta Android da ake jonawa a talabijin. Mun sa wa yara ita a gida, da rimot ɗinta, akwai YouTube, ana sa filash. Kuɗinta bai kai rabin abin da ka ambata ba, wutar da take ci kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Baban_Ilham:
Na gode Hajiya, na yi wannan tunanin. Abin da ya hana ni, babbar 'yata za ta zauna JAMB, ina so hannunta ya saba da kibod da linzami tun daga gida. Ni ma nakan buga takardun jarabawar makarantarmu. Kallon ne kan gaba, amma ina so ta ɗauki waɗannan ma.

Maman_Hanifa:
To ka yi gaskiya. Allah ya ba ta sa'a, ya sa ta samu kwas ɗin da take so.

Mai_Gyara_Sabongari:
Amin. Hajiya, game da akwatin nan a riƙa lura. Da yawa waɗanda ake kawo mini gyara, kwali ya ce RAM 8 ko 16, in ka buɗe ka karanta abin da ke kan allon kayan cikinta (motherboard) sai ka tarar 1 ne ko 2. Akwai masu kyau, amma ba su ne masu arha ɗin ba.

Injiniya, bayaninka daidai ne amma ka tsorata mutumin. i7-3770 ba ta mutu ba. Ina da ita a shago, 1080p kowane iri na sa mata tana buɗewa, H.265 ne ko YouTube, ko da sashen da kake faɗa bai taimaka ba. Ƙarfin furosesar kaɗai ya ishe ta. Kuma babbar CPU tana da daɗin gyara. In akwatin wutarta ya ƙone a nan Sabon Gari za mu samo wani mu sa. RAM ɗinta DDR3 ce, ga ta nan birjik. Ƙananan nan in allonsu ya tafi, yawanci sai dai a yi haƙuri.

Injiniya_Samaru:
Ban musa ba Oga, za ta buɗe 1080p. Amma da nawa? An ƙera 3770 a kan wat 77, 2600 kuma wat 95. Furosesar ƙananan nan, masu harafin T a ƙarshen lamba irin su 6500T da 7500T, wat 35 ce. Sannan ka tuna ya ce bidiyon waya. iPhone tun 2017 da HEVC take ɗauka in ba a canza saiti ba, wayoyin Android da yawa ma haka, kuma mutane sun koma ɗaukar 4K. 4K ninki huɗu ne na 1080p, 3840 da 2160 a maimakon 1920 da 1080. Sa wa 3770 ɗinka bidiyon ɗaurin aure na 4K mai firem 60 ka ba mu labari.

Mai_Gyara_Sabongari:
Wa zai turo masa 4K? WhatsApp ai matse bidiyo yake yi kafin ya iso.

Zee_Kongo:
Ba kullum ba Baba. In aka tura shi a matsayin fayil, yadda aka ɗauka haka yake isowa. Mu haka muke yi da bidiyon biki don kada ya lalace. Wani lokaci ma da filash ko Xender ake kwasa kai tsaye daga wayar.

Abu_Hanwa:
Ku bar maganar furosesa, ku yi maganar wuta, don ita ce za ta yanke hukunci. Malam, da me za ka kunna ta? Ni a kan sola nake, batir biyu da ƙaramar inbata. Da babbar CPU nake amfani da farko, in na haɗa ta da talabijin da fanka, kafin sha ɗaya na dare inbata ta fara kuka. Na koma Lenovo ƙarama, irin ThinkCentre ɗin nan mai caja kamar ta laftof, wat 65 aka rubuta a jikin cajar. Lokacin kallo abin da mita ke nuna mini ba ya kai rabin haka. Yanzu muna kallo har mu gaji batir bai ce komai ba. In wutar gari ka dogara da ita, to ka sa kuɗin UPS a lissafi, don kwamfutar tebur ba ta da batir. Ana ɗauke wuta ta mutu nan take, kuma yawan haka shi ke kashe HDD, faifan da ke ajiye fayiloli.

Baban_Ilham:
Abu, wutar gari ce, sai ƙaramin janareta. Sola tana cikin buri, Allah ya hore.

Abu_Hanwa:
Amin. To janareta ma mai ne, kuma ka san kuɗin lita yanzu. Ƙaramar ta fi maka.

Dattijo_KofarDoka:
Assalamu alaikum. Bari in sa baki kan abu ɗaya da na gani da idona. Tsofaffin CPU da aka shigo da su daga Amurka, wasu suna da ɗan jan makunni a baya, kusa da inda ake soka wayar wuta. Gefe ɗaya an rubuta 115, ɗayan 230. Wutarmu 230 ce. Ɗan maƙwabcina ya sayo irinta, yana jonawa sai ƙara da hayaƙi, ashe a kan 115 take. Ko minti ɗaya bai mora ba. Duk wanda ya sayi babba ya juya bayanta ya duba kafin ya kunna.

Mai_Gyara_Sabongari:
Allah ya ƙara lafiya Baba, wannan gaskiya ne. Na baya-bayan nan da kansu suke daidaita wutar, amma dubawa ba ta cin kuɗi.

Sadiq_Kwangila:
To ai da sauƙi. Ya sayi i7 ɗin, ya ƙara mata katin hoto. Na ga ana sayar da GT 710 ba tsada.

Injiniya_Samaru:
Sadiq, GT 710 ba ta warware H.265, ba abin da za ta ƙara masa sai ramin HDMI. Wadda za ta yi aikin ita ce GT 1030, ita ta iya H.265 da VP9, kuma wat 30 take ci. Sai dai in ka haɗa kuɗinta da na CPU ɗin, ka wuce kuɗin ƙaramar. Kuma in akwatin siriri ne sai an nemi kati mai gajeren ƙarfe, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba.

Ummu_Sultan:
Tambaya nake da ita a gefe. Mu mun sayi HP ƙarama wata biyu da suka wuce, muka zo gida muka tarar babu ramin HDMI sam. Akwai wani mai kama da shi amma kebul ɗin ya ƙi shiga. Da VGA muka jona, hoto ya fito amma babu murya, sai da muka nemo sifika daban. Haka abin yake ko an cuce mu ne?

Zee_Kongo:
Ba a cuce ku ba Anti. Ramin nan DisplayPort ne, kwamfutocin ofis sun fi zuwa da shi. VGA kuma dama hoto kaɗai yake ɗauka, ba ya ɗaukar murya. Ki sa a sayo miki adafta ko kebul na DisplayPort zuwa HDMI, zai kawo hoto da murya tare, kuma hoton zai fi na VGA fitowa garau. In kin jona murya ba ta fito ba, ki danna alamar sifika a ƙasan allo ki zaɓi sunan talabijin ɗin. Ki tabbatar an ba ki wanda ke tafiya daga DisplayPort zuwa HDMI, don akwai na akasin haka kuma ba ya maye gurbinsa.

Ummu_Sultan:
Allah ya saka da alheri ƙanwata. Gobe zan aika.

Injiniya_Samaru:
Baban Ilham, wannan ya shafe ka kai ma, ka leƙa bayan duka biyun. Dell OptiPlex 3050 tana da HDMI da DisplayPort. HP EliteDesk da yawa DisplayPort ne kawai. Sannan talabijin ɗin naka, 1080p ne ko 4K? In 4K ne, HDMI ɗin waɗannan kwamfutocin 1.4 ne, a 4K firem 30 kawai yake iya bayarwa. Fim zai tafi lafiya, amma linzami zai riƙa jan ƙafa. In 1080p ne babu wannan damuwar. In kuma ka jona ka ga gefen hoton ya yanke, ba laifin kwamfutar ba ne, a saitin girman hoto na talabijin ake gyarawa. A LG sunansa Just Scan.

Baban_Ilham:
Na duba takardar bayansa, Full HD aka rubuta, wato 1080p.

Bash_Danmagaji:
Duk wannan 1080p da ake ta faɗa, wa zai biya kuɗin datan? Netflix da kansu sun ce awa ɗaya na HD yana iya cin GB 3, na 4K kuma har 7. Yara uku su zauna gaban YouTube a babban allo, datan wata ba zai ga sati ba. Ni 480 nake sa wa nawa, ba wanda ya taɓa ƙorafi.

Maman_Hanifa:
Wallahi Bash ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ni da dare nake sauke musu darussan da datan dare, da safe in zuba a filash. Ya fi mini kwanciyar hankali ma, don na san abin da suke kallo.

Bash_Danmagaji:
Mu a nan ko datan ka saya, da magariba ta yi sabis sai ya durƙushe. Sai ka fita bakin titi.

Aliyu_Palladan:
A waya 480 ba laifi Bash, amma a inci 43 rubutun allo ba ya karantuwa. Darasin lissafi ko na kimiyyar sinadarai, malami na rubutu a allo, in ba 720 ko 1080 ba yaro ba zai bambance 3 da 8 ba. A nan ne HD ke da amfani, ba don ado ba.

Malam_Nura_Gyallesu:
Jama'a mun yi nisa da tambayar. Baban Ilham, ni shawarata ba a kan wacce za ka saya ba ce, a kan yadda za ka saya ne. Gani ya kori ji. Ka ɗauki filash ka zuba bidiyon nan da ya fi wahalar da laftof ɗinka, ka haɗa da guda ɗaya da aka ɗauka da sabuwar waya, da manhajar kunna bidiyo ta VLC. A shagon ka sa a kunna maka, ka zauna. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance. Wajen CPU za ka ga cikakken sunan furosesar, wannan ba ya ƙarya ko da an canza sitika. Sa bidiyon ya yi ta tafiya. In layin Video Decode da ke ƙarƙashin GPU, wato sashen hoto, yana motsi, CPU kuma tana ƙasa-ƙasa, to sashen da Injiniya ya faɗa yana aiki. In CPU ta haye kashi 80 ko 90 cikin ɗari ta zauna, da ƙarfi take ja.

Ka bar ta ta yi kamar minti ashirin, ka sa hannu wajen da iska ke fita, ka saurari fanka. Ka gwada kowane ramin USB. Ka duba agogo, in kwanan wata ya koma shekarun baya to ɗan batirin allo ne ya mutu, CR2032, ba tsada, a canza maka a wurin. Ka shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, don kayan ofisoshin waje ne kuma wasu da makullinsu suke zuwa. Mai shagon da ya ƙi yarda da gwaji, ka yi masa sallama. Sannan a rubuta maka rasit da kwanakin garanti, kada ka yarda da na baki.

Abu_Hanwa:
Ƙari a kan na Malam Nura: ka dage a kan SSD, ma'ajin fayil da ya fi HDD sauri, ko da GB 128 ko 256 ce. Fina-finai ka ajiye su a HDD na waje. Bambancin saurin tashi ba kaɗan ba ne.

Sadiq_Kwangila:
Ni da zan saya Kano zan shiga. A Beirut Road ko Farm Centre za ka ga iri-iri, ka zaɓa ka darje.

Mai_Gyara_Sabongari:
Ka lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa. In ta ba da matsala bayan kwana uku, ka sake lissafawa. Wanda ya saya a PZ ko Samaru, Keke Napep zai hau ya mayar. Kuma mu ma daga Kano da Legas ɗin muke sarowa, ribar da ke kai ba ta kai yadda kuke zato ba.

Zee_Kongo:
Ba wanda ya yi maganar Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga janareshan na 8 take farawa. Ke nan da 3770 da 7500 duk suna waje. In kuɗin zai kai, i3-8100 ko i5-8500 ta fi tsawon rai, irin OptiPlex 3060 ko EliteDesk 800 G4. In bai kai ba, Linux Mint, madadin Windows, kyauta ce, tana buɗe bidiyo da YouTube lafiya lau. Ita nake amfani da ita a hostel.

Aliyu_Palladan:
Linux ga mai 'yar da za ta yi atisayen JAMB? Manhajojin da na sani na kwamfuta duk na Windows ne. Kuma in ta rikice wa zai gyara masa a Tudun Wada?

Zee_Kongo:
Akwai na burauza ai. Amma na ji uzurinka.

Injiniya_Samaru:
Maganar Zee abin dubawa ce. Kuma kada a raina i3 ta janareshan na 8, ƙwayar aiki (core) huɗu gare ta, sashen bidiyonta kuma ya iya duk abin da na 7 ya iya. Don kallo ba ta da maraba da i7 ɗin zamaninta. Akwai ma sabbin ƙanana fil a kwali masu furosesar N100 ta 2023, suna warware har sabuwar hanyar matsewa ta AV1, wadda YouTube ya fara yawaita amfani da ita, amma ina jin za su fi ƙarfin dubu 130.

Dattijo_KofarDoka:
Kowacce ka saya ɗana, ka kiyaye ta da ƙura. Hunturun Zariya ba ya raga wa na'ura. Kada a ajiye ta a ƙasa kan kafet, a ɗora ta a tebur, in an gama a rufe ta da ƙyalle. Kafin zafin Maris ya shigo a kai a hure ta da bulowa.

Mai_Gyara_Sabongari:
Haka ne Baba. Ƙananan nan ma sun fi saurin toshewa, fankarsu ɗaya ce kuma ramukan iskar ƙanana ne. Na sha buɗe wadda ƙura ta yi mata kirtani a bakin fanka, mai ita yana cewa bidiyo na tsayawa, alhali zafi ne ya sa furosesa ta rage gudu. A share, a sa sabon man furosesa, ta dawo daidai.

Baban_Ilham:
Jama'a na dawo daga PZ, na yi yadda Malam Nura ya ce. Babbar i7-3770 ce, HDD 500, VGA da DisplayPort. Ƙaramar HP ce, i5-6500T, RAM 8, SSD 256. Tafsirin da darussan duk sun buɗe a kan biyun ba matsala. Bidiyon walimar ƙanena da aka ɗauka da iPhone ne ya raba su: a babbar, furosesa ta haye sama da kashi 90, hoto na tsalle. A ƙaramar ya fi tafiya, amma shi ma ya ɗan cije sau biyu ko uku, launin kuma ya yi fari-fari. Mai ƙaramar ya ce in ƙara dubu 15 a kan abin da ke hannuna, zai haɗa mini da adaftar HDMI.

Injiniya_Samaru:
Alamar bidiyon HDR ne, wato mai zurfin haske da launi, mai bit 10, iPhone daga 12 zuwa sama haka suke ɗauka. Shi ne daidai abin da janareshan na 6 bai gama iyawa ba, na 7 ya iya. Farin launin kuma daga HDR ɗin ne a kan allon da ba na HDR ba. Tunda har za ka ƙara kuɗi, ka tambaye shi 7500T ko 8100T. Tazarar farashinsu da 6500T ba ta cika yawa ba.

Mai_Gyara_Sabongari:
Ni kuwa na ce ya ɗauki 6500T ɗin ya huta. Bidiyo ɗaya cikin ɗari ne zai zo a haka. YouTube kuma in ya yi nauyi a sa 'yar manhajar h264ify a burauza, zai riƙa kawo H.264 har 1080p, talabijin ɗinsa dama iyakarsa ke nan. Jiran wata kwamfutar na nufin farashi ya motsa, kun san kayan nan dala suke bi.

Sadiq_Kwangila:
Har yanzu ni ban ga laifin babbar ba in aka rage masa kuɗi sosai. Ragowar ya sayi UPS.

Malam_Nura_Gyallesu:
Baban Ilham, garantin kwana nawa ya ce zai ba ka? Kuma dubu 15 ɗin har da kibod da linzami, ko su ma daban ne?

Baban_Ilham:
Sati biyu ya ce. Kibod da linzami daban. Ya kuma ce ranar Laraba kaya za su iso masa daga Legas, wataƙila da na 7 a ciki, amma bai yi alkawarin farashi ba. Zan jira Larabar in gani. Injiniya, in na samu 7500T amma RAM 4 ce, in ɗauka in ƙara daga baya, ko in tsaya a kan 6500T mai 8?

Zee_Kongo:
Kafin Injiniya ya zo: a buɗe murfin a gabanka Baba, ka ga ko ramin RAM na biyu a sake yake. Irin ta laftof suke ɗauka, DDR4, kuma ka ji kuɗin guda 4 ɗin a shagon tun kafin ku gama ciniki.